Kiwon lafiyar kunne ga masu nutso da tukunyar iska

Ciwon kunne shi ne matsalar da ta fi addabar masu nutso da tukunyar iska. Iri biyu ne: rauni daga matsin ruwa a kan dodon kunne, da kumburin kafar kunne wanda ƙwayoyin cuta ke haddasawa idan fata ta daɗe a jiƙe.

Matsin ruwa da daidaita kunne

A bayan dodon kunne akwai ɗan sarari mai iska, wanda wani siririn bututu ke haɗawa da bayan hanci. Sunan bututun ya samo asali ne daga Bartolomeo Eustachi, masanin sassan jiki ɗan Italiya na ƙarni na 16. A zurfin mita 10 cikin teku, matsi yana ninka na saman ruwa sau biyu, shi ya sa mitocin farko suka fi haɗari. Idan iska ba ta shiga ta bututun ba, dodon kunne zai lotsa ciki, jini ya taru a bayansa, wani lokaci ma ya fashe.

Dabarar da aka fi sani wajen tura iska ta bututun, wato daidaita kunne, ita ce toshe hanci a hura iska a hankali. Ana jingina ta ga Antonio Valsalva, wanda ya bayyana ta a 1704, kodayake shi mugunya yake son fitarwa daga kunnen marasa lafiya, ba nutso ne a gabansa ba. A ƙarni na 19, likitan Ingila Joseph Toynbee ya kawo ta toshe hanci tare da haɗiyar yawu. Ta uku ta Hermann Frenzel ce, likitan Jamus, wanda a wajajen 1938 ya koya wa matuƙa jiragen yaƙi tura iska da gindin harshe. Ta fi wuyar koyo, amma ta fi laushi ga kunne.

Ana fara daidaitawa tun a saman ruwa, a maimaita kowane rabin mita zuwa mita ɗaya, kafin a ji zafi. Sauka da ƙafa a ƙasa ya fi sauƙi. In kunne ya ƙi buɗewa, sai a ɗan hau sama a sake gwadawa. Hurawa da ƙarfi kan iya yaga ƙaramar tagar da ke kaiwa kunnen ciki, ta bar mutum da jiri ko kurumta. Mai mura ba ya nutso. Akwai saɓani kan maganin buɗe hanci, domin yana iya sakin mutum a ƙarƙashin ruwa, iska ta maƙale lokacin hawowa.

Kumburin kafar kunne

Dauɗar kunne kariya ce: tana da ɗan tsami kuma tana korar ruwa. Yawan nutso kwana da kwanaki yana wanke ta, fata ta yi laushi, bakteriya irin su Pseudomonas su samu shiga. Alamar farko ƙaiƙayi ne, sai zafi idan aka ja ganyen kunne.

Bayan fitowa ana ɗauraye kunne da ruwa mai tsabta, a karkata kai ya tsiyaye, a goge waje kawai. Tsinken auduga yana ƙarzar fata, ya kuma cusa dauɗa ciki. Sojojin ruwan Amurka sun yi amfani da ɗigon da ke da sinadarin tsamin ruwan khal kashi 2 cikin ɗari, safe da yamma, ana barinsa minti 5 a kowane kunne. Wasu kan haɗa farin khal da sifirit daidai wa daida, sai dai sifirit yana busar da fata fiye da kima. Wannan rigakafi ne, ba magani ba, kuma ba a ɗiga komai a kunnen da ake zaton dodonsa ya huje.

Matoshin kunne

Ba a yin nutso da matoshi marar huji. Mai huji kuwa, ra'ayin likitoci ya rabu a kansa.

Ganin likita

Jiri, ƙara a kunne, raguwar ji, ko fitar jini ko mugunya suna buƙatar likitan kunne nan take, kuma a dakatar da nutso. Ƙaramin huji a dodon kunne yakan warke da kansa cikin makonni, amma ba a komawa ruwa sai likita ya duba ya tabbatar ya rufe.