Afsantin (Artemisia absinthium)

Artemisia absinthium tsiro ne mai tsananin ɗaci da ke fitowa da kansa a ƙasashen Turai, da arewacin Afirka, da wasu sassan Asiya. Larabawa na kiransa afsantin, kalmar da ta samo asali daga Girkanci. Ɗan uwan tazargade ne, jinsinsu ɗaya, cikin dangin tsirrai na Asteraceae. Masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya raɗa masa wannan suna a shekarar 1753.

Ba ya son ƙasa mai laima. An fi ganinsa a fako, da gangaren duwatsu, da bakin hanya, da gonakin da aka bari suka zama saura. Kowace shekara yakan toho daga tushensa na bara, tsayinsa ya kai kamar mita ɗaya. Ganyensa toka-toka ne, lulluɓe da gashi mai laushi, in an murza shi sai ƙamshi mai kaifi ya tashi. Furanninsa ƙanana ne, rawaya, kawunansu a sunkuye.

Tun da can Turawa ke jiƙa ganyen don korar tsutsar ciki da buɗe ciki ga wanda ya kasa cin abinci. Amma abin da ya fito da sunansa duniya wata barasa ce mai ƙarfi, absinthe, wadda aka fara haɗawa a kwarin Val-de-Travers na ƙasar Suwizalan a ƙarshen ƙarni na 18. A 1805 aka kafa masana'antarta a garin Pontarlier na Faransa. Da shaye-shaye ya yi yawa, sai aka ɗora laifin a kan wani sinadarin ganyen mai suna tujon, wanda in ya yi yawa a jiki yake haddasa jijjiga. Suwizalan ta haramta barasar a 1910, Amurka a 1912, Faransa a 1915. Daga baya bincike ya nuna tujon ɗin cikinta kaɗan ne, ƙarfin barasar ne babban mai ɓarna. Suwizalan ta ɗage haramcin a 2005.

Mutane kan rikita afsantin da Artemisia annua ta ƙasar Sin, wadda daga ita masaniyar magunguna 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ta fitar da atimisinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, har ta samu kyautar Nobel a 2015. Rabin sunansu ɗaya, amma aikinsu daban: ba daga afsantin ake yin wancan magani ba.