Sadiq Khan: ɗan direban bas da ya zama magajin garin Landan

Daga wane gida ya fito?

An haifi Sadiq Khan ranar 8 ga Oktoba 1970 a unguwar Tooting da ke kudancin Landan. Iyayensa 'yan Pakistan ne da suka yi ƙaura zuwa Birtaniya. Mahaifinsa, Amanullah, ya shafe sama da shekara 25 yana tuƙa bas, mahaifiyarsa kuwa ɗinki take yi. Su takwas ne a wurin iyayensu, shi ne na biyar, kuma duk a gidan haya na gwamnati mai ɗaki uku suka taso.

Yaya aka yi ya zama lauya?

Da farko likitan haƙori ya so zama. Wani malaminsa ne ya lura yaron akwai son gardama, ya ba shi shawarar ya karanta shari'a. Ya bi shawarar, kuma da ya fara aiki sai ya rungumi ɓangaren kare haƙƙin ɗan Adam: ƙarar 'yan sanda kan cin zarafi, da ma'aikatan da aka nuna wa wariya a wurin aiki. Ba a nan manyan kuɗi suke ba, amma a nan talaka ya fi buƙatar mai tsaya masa. Har ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Liberty ya shugabanta.

Ina ya fara siyasa?

Daga kansila. A 1994 aka zaɓe shi a ƙaramar hukumar Wandsworth ƙarƙashin jam'iyyar Leba, ya yi shekara 12 a kan kujerar. Wannan ne ya fi burge ni a tarihinsa. Kansila shi ake tarewa a hanya da kukan rufin da ke yoyo da sharar da ba a kwashe ba, kuma Khan bai tsallake wannan matakin ba. A 2005 ya zama ɗan majalisar dokokin Birtaniya mai wakiltar Tooting, a 2009 kuma ƙaramin ministan sufuri.

Magajin gari daidai yake da shugaban ƙaramar hukuma?

Ba daidai ba ne. Landan na da ƙananan hukumomi 32, kowace da majalisarta. Magajin gari shi ke riƙe da abin da ya haɗa birnin duka: sufuri, tsarin gidaje, da sa ido kan 'yan sanda. Khan ya hau a 2016 bayan ya kayar da Zac Goldsmith na jam'iyyar Conservative, ya zama Musulmi na farko a muƙamin. Ya sake cin zaɓe a 2021 da 2024.

Me ya yi, kuma me ake sukarsa a kai?

Tun a shekararsa ta farko ya kawo tsarin da fasinja zai sauya bas cikin awa ɗaya ba tare da ya sake biya ba. A 2023 ya fara ɗaukar nauyin abincin rana kyauta ga 'yan firamare na gwamnati.

Inda aka fi kai ruwa rana shi ne harajin hayaƙi. A Agustan 2023 ya faɗaɗa shi zuwa dukkan Landan, mai tsohuwar mota ya biya fam 12.50 duk ranar da ya fita da ita. Masu ƙaramin ƙarfi sun koka, kuma kukansu na da tushe. Shi kuwa, da yake yana fama da asma, ya tsaya a kan cewa gurɓatacciyar iska na hallaka mutane. Ana kuma ɗora masa alhakin yawan kai hari da wuƙa, da tsadar haya da har yau ke korar matasa daga unguwannin da aka haife su.