Shigar da Mutanen Karkara cikin Tsara Ayyukan Kiwon Lafiya: Tambayoyi da Amsoshi

Me ake nufi da shigar da al'umma cikin tsari?

Ana nufin a zauna da mutanen gari tun kafin a yanke shawara, a ji matsalar da ta fi ci musu tuwo a ƙwarya, sannan a tsara aikin tare da su. Tara jama'a a ƙofar dagaci domin a karanta musu abin da aka riga aka kammala a hedikwatar ƙaramar hukuma sanarwa ce kawai. Tun a taron kiwon lafiya na duniya da aka yi a birnin Alma-Ata a 1978 ƙasashen duniya suka amince cewa jama'a suna da haƙƙi, kuma nauyi ne a kansu, su shiga tsara kiwon lafiyarsu.

Me mutanen ƙauye suka sani wanda ƙwararru ba su sani ba?

Sun san lokaci da hanya da halin mutanensu. Idan aka sa ranar awon ciki ta faɗo a ranar kasuwa, ko aka zo rigakafi da hantsi a tsakiyar damina alhali kowa yana gona, ma'aikata za su wuni a gindin bishiya da akwatin sanyi ba tare da sun ga yara ba. Ungozoma ta san gidan da mace ba za ta fita ba sai da izinin maigida, ta kuma san wadda ba za ta yarda namiji ya duba ta ba. Direba kuwa ya san rafin da yake yanke hanya a watan Agusta.

Shin an taɓa ganin illar rashin tuntuɓar jama'a?

An gani ƙwarai. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin Arewa saboda zargin cewa maganin yana hana haihuwa, kuma ba a koma ba a Kano sai a 2004, bayan cutar ta sake yaɗuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Zargin ba shi da tushe, amma rashin yardar yana da dalili. Mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara masu sanƙarau a Kano a 1996 ba, sannan suna tambayar me ya sa ake bin su gida gida da ɗigon shan inna kyauta, alhali ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro suna kashe 'ya'yansu kuma asibiti ba magani. A ganina wannan tambaya ce ta hankali, wadda ya kamata a amsa ta tun farko. Al'amura sun gyaru ne bayan an kafa kwamitin sarakunan Arewa a 2009 bisa jagorancin Sarkin Musulmi, aka ɗauki matan unguwa su riƙa shiga gidaje, aka kuma haɗa rigakafin da duba wasu cututtuka. A watan Agustan 2020 aka tabbatar da kawar da ƙwayar cutar shan inna ta asali, wato wadda ba daga ɗigon rigakafi ta samo tushe ba, daga nahiyar Afirka.

Su wa ya kamata su zauna a kwamitin lafiya?

A Nijeriya akwai kwamitin ci gaban mazaɓa, amma amfaninsa ya danganta da waɗanda aka zaɓa. Idan ya zama na 'yan siyasa da makusantansu, to suna ne kawai. Lallai ne a sa mata, da limami, da ungozoma, da wanzami, da wakilin direbobi, da kuma makiyayan ruga, waɗanda sau da yawa ake mantawa da su.

Wane iko al'umma take da shi a kan kuɗi?

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, kuma wani kaso yana zuwa kai tsaye ga ƙananan asibitoci. Ya dace kwamiti ya nemi sanin nawa aka turo, ya sa baki wajen zaɓar abin da za a fara gyarawa, sannan a karanta lissafin a bainar jama'a.