Ma'anar "domen": wane ne ke da hurumin raɗa suna a intanet da cikin gida?

Tun da damfarar shafukan ɗaukar aiki na bogi ta yawaita, kalmar "domen" ta kama bakin masu gabatar da shirye-shirye a rediyo da jami'an yaɗa labarai, waɗanda kan gargaɗi matasa su duba domen kafin su cike kowane fom. Gargaɗin yana kan hanya, sai dai yawancin masu yin sa suna ɗaukar kalmar a matsayin shafin intanet ɗin kansa, har mutum ya ji an ce domen ɗin wata hukuma ya faɗi saboda cunkoson masu nema. Abin da cunkoso ke kayarwa ita ce kwamfutar da ke ɗauke da shafin. Domen suna ne kurum, haɗe da bayanin wanda ke da ikon faɗin inda sunan ya dosa.

Asalin kalmar daga Latin ne, inda take nufin ƙasar da ke ƙarƙashin ikon wani, wato hurumi, kuma wanda ya riƙe wannan ma'ana ya fahimci rabin zancen. A karanta kebbistate.gov.ng daga dama zuwa hagu. Ɓangaren ng hurumin Najeriya ne tun 1995, kuma ƙungiyar NiRA da aka kafa a 2005 ce ke kula da shi. A ƙarƙashinsa gov yake, wanda aka keɓe wa gwamnati, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ke tantance mai samunsa, sannan sunan jihar ya biyo baya. Shi ya sa ɗan damfara ba ya samun suna mai ƙarewa da gov.ng cikin sauƙi, alhali kuwa duk mai kuɗi kaɗan a katinsa zai iya sayen kowane suna mai ƙarewa da com da ba a riga an ɗauka ba a cikin minti biyar. Kwamfutoci su lamba suka sani, don haka dole a sami mai haɗa suna da lamba. A farkon zamanin intanet a fayil guda na kwamfuta ake ajiye sunayen duka a wata cibiyar bincike a Kalifoniya, kowa ya kwafa, har zuwa 1983 da Paul Mockapetris ya tsara DNS, tsarin da ya raba hurumin zuwa mataki-mataki.

Ruɗanin da ya fi damuna ba na rediyo ba ne, na cikin shaguna da gidaje ne. Mai shagon buga takardu a Jega ko Argungu zai sayi rauta, wato na'urar da ke raba intanet ga wayoyi da kwamfutoci, ya rubuta 192.168.0.1 ko makamancinsa a burauza, manhajar buɗe shafukan intanet, domin ya shiga saitin rautar, sai ya tarar da wani akwati a sashen rabon adireshi yana neman sunan domen. Wani zai ɗauka sai ya saya kafin ya cike. Wani zai rubuta sunan shagonsa ya ƙara com a baya, ya tashi yana murna cewa ya mallaki shafi, ya buga shi a allon shago. Wani kuma zai zaci sunan waifai ne, wanda waya ke nunawa idan ana neman haɗi, alhali wancan akwatinsa daban yake. Abin takaicin shi ne akwai masu haɗa na'urori da suka san gaskiyar lamarin sarai, amma idan Alhaji ya tambaya sai su ce akwai kuɗin rajista. Babu wata rajista a nan, kuma ko sisi ba a biyan kowa.

Aikin akwatin ƙarami ne, amma yana da amfani a garin da wuta ke zuwa tana komawa. Duk na'urar da ta haɗu da rauta, kwamfuta ce ko firinta ko akwatin kyamarorin tsaro, rautar ce ke ba ta lamba ta hanyar tsarin DHCP, kuma aro ne na ɗan lokaci. Da safe firinta tana kan 192.168.0.104, aka ɗauke wuta, aka tayar da janareta, wayoyin yaran shago suka riga ta haɗuwa, sai ta dawo a kan 107. Kwamfutar tana ta aika takarda zuwa tsohuwar lamba, ɗalibi yana tsaye da kuɗinsa a hannu yana jiran fom ɗinsa, mai shago yana zagin firintar da ba ta yi laifin komai ba. Idan kuwa rautar tana riƙe sunaye, firintar takan faɗi sunanta lokacin da take karɓar lamba, rautar ta liƙa masa abin da aka rubuta a wancan akwati, duk wanda ya nemi firinta da suna a ba shi lambar da take kai a wannan lokacin. Kamar "Auta" ne a gidan Bahaushe. A tsakar gida kowa ya san wanda ake nufi ba tare da an je wajen mai unguwa ba, amma a kira sunan a babbar kasuwar Birnin Kebbi a ga mutum nawa za su waiwayo.

Ba kowace rauta ce ke yin wannan aiki cikakke ba. Ƙananan na aljihu masu ɗaukar layin waya galibi ba su da akwatin ma, wasu masu araha kuma suna raba wa na'urori sunan ne kawai ba tare da sun iya amsa tambaya a kansa ba. Waɗanda ke ɗauke da manhajar OpenWrt suna yi, kuma da sunan lan suke zuwa. Wanda tasa ba ta yi, ya nemi wurin da ake kafe wa na'ura lamba guda ta dindindin, ya huta.

Saura tambayar abin da za a rubuta, kuma a nan ne masu ganin sun iya suka fi yin ɓarna, domin a ganinsu tunda gidansu ne, kowane suna ya halatta. Shekaru da yawa masu rubuta manhaja a duniya suna kiran kwamfutocin gwajinsu da suna mai ƙarewa da dev, saboda a lokacin babu mai shi. Da ICANN, hukumar da ke kula da manyan sunayen intanet tun 1998, ta buɗe ƙofar neman sababbin sunaye a 2012, kamfanin Google ya nemi dev kuma ya samu. A watan Disambar 2017 burauzar Chrome ta Google ta fara ƙin buɗe duk wani suna mai ƙarewa da dev sai ta hanya mai kulle, wato HTTPS, aka wayi gari shafukan gwaji da ke cikin kwamfutocin mutane, waɗanda ba su taɓa leƙa intanet ba, sun ƙi buɗewa. A 2019 aka fara sayar da sunayen ga kowa. Mutanen nan ba su karya doka ba, sun yi gini ne a hurumin da ba nasu ba, kuma ina ganin wanda ya rubuta sunan shagonsa da com a rauta ya fi su ganganci, domin su sun ɗauki wurin da babu kowa a lokacin, shi kuwa mai yiwuwa sunan yana da mai shi a wata ƙasa. Ko dai ya toshe wa kansa shafin mutumin, ko kuma tambayoyin na'urorinsa su riƙa fita waje suna neman firintarsa a hannun baƙo.

Shi ma local, da mutane da yawa ke zaɓa saboda ya yi kama da abin da ake nema, an keɓe shi a 2013 domin wani tsari daban, wanda na'urori ke sanar da juna sunayensu kai tsaye ba tare da rauta ba. Kayan Apple da firintoci da dama da shi suke gano juna, don haka sanya shi a akwatin kan jawo jinkiri ko suna ya yi aiki a wata na'ura ya ƙi a wata. Sunan da aka ware wa gidaje a hukumance tun 2018 shi ne home.arpa, sai internal da ICANN ta keɓe a 2024 da alkawarin ba za a taɓa sayar da shi ba. Na farkon ba shi da daɗin faɗi, kuma wani lokaci sai an rubuta http a gabansa kafin burauza ta daina ɗaukarsa a matsayin abin bincike, amma firinta.home.arpa ba zai taɓa cin karo da sunan kowa ba. Shi lan yana aiki a gidaje da yawa, sai dai babu takardar da ta keɓe shi.

Ko an zaɓi suna mai kyau, wayar da aka canza mata saitin DNS zuwa na waje, irin 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare da samari ke sanyawa da sunan ƙara sauri, ba za ta ga firintar ba, domin ta tsallake rautar ta kai tambayarta ga wanda bai taɓa jin sunan ba. Kafin a kira mai gyara ko a sake saita rautar daga farko, a fara duba wannan wuri a wayar, a mayar da shi yadda ya zo.