Me ake nufi da "al'aura"?

Idan likita yana bayani a rediyo ya zo wurin da bakinsa zai yi nauyi, sai ka ji ya ce "al'aura", kowa kuma ya gane gaban mutum yake nufi. Wannan ita ce ma'anar da ta fi yawo a bakin jama'a. Amma malamin da ke karantar da Ahalari a zaure, idan ya faɗi kalmar, abin da yake nufi ya fi haka faɗi.

Asalinta Larabci ne, kuma tushenta yana nuni da kafa ko rauni, wato wurin da ba shi da kariya. A Suratul Ahzab, aya ta 13, lokacin Yaƙin Gwalalo a shekara ta 5 bayan hijira, wasu sun nemi izinin komawa gida suna cewa gidajensu al'aura ne. Nufinsu gidajen a buɗe suke, abokan gaba za su iya afka musu. Daga nan za a gane cewa al'aura ba ƙazanta ba ce. Abu ne mai daraja da ake jin tsoron a keta shi, shi ya sa ake tsare shi.

A fiƙihun Malikiyya da muka taso a kai, al'aurar namiji daga cibiya ce zuwa gwiwa. Ta mace a gaban wanda ba muharraminta ba, dukan jiki ne ban da fuska da tafin hannu. A gaban mahaifinta ko ɗan'uwanta an sassauta, a tsakanin mata 'yan'uwanta kuma iyakar ta koma cibiya zuwa gwiwa. Ke nan iyakar tana sauyawa gwargwadon wanda ke kallo. Tsakanin miji da mata kuwa babu wannan shamaki.

Wannan fahimta ba dare ɗaya ta zauna a ƙasashenmu ba. Ibn Battuta, da ya ziyarci daular Mali a 1352, ya yaba yadda mutane ke cika masallatai, amma ya koka da ganin kuyangi da 'yanmata suna yawo ba sutura, har a fadar sarki. A ƙasar Hausa ma dattawa suna tuna lokacin da bante ya ishi yaro har ya tasa. Karatu da wa'azi ne, musamman bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804, suka riƙa mayar da rufe jiki ma'aunin mutunci, har kalmar "sutura" ta koma sunan tufafi baki ɗaya. A yau abin ya kai ga hukuma: a 2021 Hisbar Kano ta hana teloli da masu shaguna baje kaya a jikin mutum-mutumi.

Abin da ke damuna shi ne yadda muka ƙuntata kalmar, ta zama kamar jikin mace kaɗai take nufi. Saurayi zai fito ƙofar gida da gajeren wando cinya a waje, yana zagin yarinyar da mayafinta ya zame, alhali littafin da ya yi mata iyaka shi ma ya yi masa. A Suratun Nur ma, maza aka fara umarta da runtse ido a aya ta 30, kafin a zo kan mata a ta 31. Haka wanda ya samu hoton tsiraicin wata a waya ya tura wa abokai, wai yana Allah wadai. Shi ma ya keta al'aura, kuma ya taya yaɗa ta.

Akwai kuma aya ta 58 a surar, wadda ba a cika jin ta a wa'azi ba. Ta ambaci lokuta uku, ta kira su al'aura: kafin sallar asuba, da tsakar rana sa'ad da ake tuɓe tufafi don hutawa, da bayan sallar isha'i. A waɗannan lokuta ko yaran gida sai sun nemi izini kafin su shiga ɗakin iyaye. A nan lokaci ne da kansa ya zama al'aura. Gida nawa ne ake koya wa yara wannan sallama?

Sannan rufe al'aura daban, rufe baki a kanta daban. Mace takan yi shekara tana fama da ciwon sanyi, kunya ta hana ta gaya wa likita. Yaro kuma ba a koya masa cewa akwai wurin da babu mai ikon taɓa masa ba, don haka idan an cuce shi ba ya da kalmar da zai kai ƙara da ita. Ummu Sulaim ta je gaban Annabi (SAW) ta ce Allah ba ya jin kunyar gaskiya, sannan ta tambaye shi ko wanka ya wajaba a kan mace idan ta yi mafarki. Ya ba ta amsa kai tsaye: e, idan ta ga ruwa.