Rashin barci da balaga: abin da iyaye a Damagaram ke yawan tambaya

Ɗana ya kai shekara 15, ba ya barci sai wajen ƙarfe ɗaya, da asuba kuma sai an yi fama da shi. Lalaci ne?

Sau da yawa ba lalaci ba ne. Akwai wani sinadari, melatonin, da ƙwaƙwalwa ke saki idan dare ya yi, shi ke kawo gyangyaɗi. Da yaro ya shiga balaga, lokacin fitar sinadarin nan yakan ja baya da awa ɗaya zuwa biyu. Yaron da ada ƙarfe tara ta yi masa yana munshari, yanzu ƙarfe goma sha ɗaya idonsa biyu. Amma kiran sallar asuba da ƙararrawar makaranta ba su ja baya ba, ga shi kuma ɗan shekara 13 zuwa 18 na buƙatar barcin awa 8 zuwa 10.

To wannan shi ne ciwon rashin barci?

A'a. Mai jinkirin barci, in aka ƙyale shi ranar Lahadi, zai yi barcinsa har hantsi ya tashi garau. Mai ciwon kuwa ko ya samu lokaci da wurin kwanciya, barcin ba ya zuwa, ko ya riƙa farkawa, da rana kuma ya yini a gajiye. Likitoci na kiransa mai daɗewa idan ya kai dare uku a mako, wata uku a jere.

Yana da yawa tsakanin matasa?

Ya fi yadda ake zato. Wani bincike da aka wallafa a 2006, kan matasa sama da dubu ƴan shekara 13 zuwa 16 a Detroit ta Amurka, ya gano kusan ɗaya cikin goma sun taɓa fama da shi. Abin da ya fi jan hankalina shi ne ƴan mata: kafin su fara al'ada ba su da bambanci da maza, bayan sun fara kuwa haɗarin ya kusa ninkawa sau uku. Don haka budurwar da ke juyi a shimfiɗa kada a yi saurin cewa tunanin saurayi ne, ko a ɗora wa iskoki.

Me ke ƙara ta'azzara shi a nan?

Shayin fada. Saurayi ya sha na farko, na biyu, na uku bayan isha'i, alhali rabin sinadarin da ke hana barci na nan a jini bayan kamar awa biyar. Sai hasken salula, wanda ke ƙara jinkirta melatonin. Ga zafin Afrilu da Mayu, da ɗaki ke zama kamar tanda, daidai lokacin da masu jarrabawar BEPC da BAC ke raba dare suna bita.

Me za a yi?

Lokacin tashi ya zama ɗaya kullum, ya fita hasken safe, shayi ya tsaya daga la'asar, salula kuma ta kwana wajen uwa. Ƙailula kada ta wuce rabin awa.

A saya masa ƙwayar barci?

Kada a saya wajen masu tallar magani a kasuwa. Wasu ƙwayoyin jiki na sabawa da su. In abin ya kai wata uku, ko ya zo da yawan kuka, ƙin cin abinci ko janyewa daga mutane, a kai shi likita, domin rashin barci da ciwon damuwa sukan zo tare.