Goeth, hath, thou: ku daina manna -eth a duk inda kuka ga dama

Duk shekara da ɗalibai sun fara karatun Shakespeare, marubucin wasan kwaikwayon nan na Ingila, tambayoyin nan dai su ne ke dawowa. Ga amsa, a adana.

"He goeth" kuskure ne?

A'a. Tsohon Turanci ne. Yau "he goes" ake cewa, kamar yadda "hath" ta koma "has".

Daga ina -eth ta fito?

Daga Turancin farko, tun kafin Normandawa su ci Ingila a 1066. Ita -s ɗin da kuka sani daga arewacin Ingila ta gangaro Landan, ta ture -eth sannu a hankali. Shakespeare, wanda ya rasu a 1616, duka biyun yake amfani da su.

"Thou" ba ta girmamawa ba ce?

Na gaji da wannan. "Thou" ita ce "kai" ko "ke", "ye" da "you" kuwa "ku". Yadda kake ce wa surukinka "kun tashi lafiya?" alhali shi kaɗai ne zaune a zaure, haka Turawa suka riƙa ce wa babba "you". Ladabin ya yi ta yaɗuwa har "thou" ta ɓace daga bakin yawancin jama'a.

Ina son rubuta waƙa ko addu'a da wannan salo. Ya zan yi?

To, ya danganta. In jarrabawa ce ko takardar neman aiki, kada ma ka fara. In waƙa ce ba zan hana ka ba, amma kowace alama da mai ita: "I go", "thou goest", "he goeth", jam'i kuma "they go". Na taɓa duba littafin wani yaro, ya rubuta "I loveth thee" da jan biro har da ja masa layi. Wannan "ni yana son ki" ke nan. Akwai kuma waɗanda ke tafiya da "thou" da sai an haddace: art, shalt, wilt, hast. A shuɗaɗɗen lokaci babu -eth sam, "he went" ne. Kar ka karaya, abin ba shi da yawa. Sai dai ka sani ko a 1611, da aka buga Baibul na Sarki James, salon ya fara tsufa, masu fassarar sun bi sawun fassarar Sabon Alkawari da William Tyndale ya fitar a 1526 ne. Pickthall ma da ya fassara Alƙur'ani zuwa Turanci a 1930 da gangan ya zaɓi tsohon salo. Saboda haka mai karatu zai ji ka kamar mai wa'azi. In haka kake so, bismilla.

Akwai masu faɗar "thou" har yanzu?

Akwai, a karin harshen Yorkshire da ke arewacin Ingila. "Tha" suke cewa.